Sawun Haruffa Masu Kumatu

Ranar Talata da safe masu shagunan titin suka fito buɗe ƙofofi, suka tarar da takardu bakwai a manne a bango. Ɗaya a jikin kantin magani, ɗaya a ƙofar makarantar ƙananan yara, sauran a doguwar katangar da mata ke bi in za su kai yara makaranta. Duk magana ɗaya aka rubuta da jajayen haruffa: HATTARA, BAƘUWA ƁARAUNIYAR YARA CE.

Baƙuwa sunan da titin ya laƙaba wa wata tela ce da ta kama shago a ƙarshen layi shekara biyu da suka wuce. Ba ta zo da miji ba, ba ta zo da ɗa ba, kuma ba wanda ya taɓa ganin wani nata ya kawo mata ziyara. Yara na son ta saboda tana ba su ƙyallaye suna yi wa 'yar tsana riga. Kafin rana ta yi zafi, mata huɗu sun je sun karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. Kafin azahar wani ya jefi gilashin tagarta da dutse.

Titin ya rabu biyu. Wasu suka ce da ma shirun matar ya yi yawa, mutumin kirki ba ya zama haka ba asali. Wasu suka ce sharri ne, kuma sun san inda aka buga shi, domin irin wannan rubutun a shagon Mai Kwamfuta kaɗai ake yin sa. Mai Kemis, wanda shi ne shugaban masu shagunan titin, ya je ofishin 'yan sanda. Aka ce masa ya yage takardun, in sun kama wani su kawo shi. Daga can bai koma kantinsa ba, ya zarce bayan rumfar mai faci, inda Mai Sawu ke zaune.

Shekara talatin Mai Sawu ya yi a wani babban gidan gona yana bin sawun shanun da suka ɓace ko aka sace. Da aka sayar da gonar aka yanka filaye, sai ya dawo gari da matarsa. Ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Ya'yansa biyu suna aiki a nesa, sukan kira shi a waya in sun tuna. Ɗakinsa gado ne da kujera ɗaya da rediyo, da ƙusa a bango inda yake rataye hularsa. Titin kuwa kwalta ne da siminti, ba abin da ƙafa ke bari a kai. Rabon da a neme shi tun wata akuya da ta ɓace shekara uku baya, amma har yanzu in yana tafiya ƙasa yake kallo.

Ya ce wa Mai Kemis shi bai san sawun takarda ba. Mai Kemis ya ce ai ba su da wani sai shi, kuma in aka kwana biyu a haka, dutse na gaba ba gilashi zai samu ba. Mai Sawu ya sauke hularsa daga ƙusa.

* * *

Karatunsa ba mai nisa ba ne. Matarsa ce ta koya masa da girmansa, don haka idonsa kan fara ganin siffar harafi kafin ma'anar ta iso. Ya tsaya gaban takardar da ke katanga ya daɗe. Haruffan masu kauri ne, jikinsu a mulmule, ba kusurwa ko ɗaya, kowanne kamar an hura masa iska. Duk sun karkata dama kamar yara sun taso da gudu. Irin rubutun da ake gani a jikin keken mai askirim ne, da ƙofar makarantar yara, da kwalin alewa. Wannan ya fi komai damun sa: muguwar magana cikin rubutu mai fara'a.

Ya bi takardun bakwai ɗaya bayan ɗaya. Duk a daidai ƙirjinsa aka manna su, ba wadda ta kai kafaɗarsa. Takardar ruwan ƙasa ce mai kauri, kuma ba da gam aka liƙa ta ba, da damammen sitati ne. Ya jiƙa biyu da ruwa ya ɓamɓare su a hankali, ya naɗe ya saƙala a hammata. Sauran ya ce a yage.

Ya tarar da Baƙuwa tana share fasasshen gilashi. Mace ce siririya, shekarunta za su kai arba'in. Ta ba shi kujerar da masu awo ke zama, ita ta zauna a bakin keken ɗinki, hannuwanta a cinya. Ya tambaye ta ko ta yi faɗa da wani. Ta ce ba ta da wanda za ta yi faɗa da shi, domin faɗa ma sai da sabo. Ya tambaye ta yaran da ke zuwa. Ta ce da yawa sukan leƙo su wuce, mai zama guda ɗaya ce, jikar Gwaggo ta gidan da ke kallon famfo. Yarinyar shekararta bakwai, kullum in an tashi makaranta sai ta zo ta zauna a ƙasa tana zura zare a allura. Gwaggo da kanta ta fara kawo ta, ranar da za ta je asibiti ba ta da wurin barin ta.

Ya nuna mata takardar. Ta shafa bayanta ta ce irin wadda teloli ke yanka fasalin riga a kai ce, ita ma tana da ita, Dogon Tela na tsallaken titi ma yana da ita.

Da zai tashi ya tambaye ta me ya kawo ta wannan titi. Ta amsa tana kallon allurar keken.

"Na yi ɗa ɗaya, Baba. Ya rasu yana da shekara shida. A can kowa ya san ni da sunansa, duk inda na bi sai an kira ni da shi. Shi ya sa na nemi inda ba a san ni ba."

Mai Sawu ya miƙe. Ya karɓi tsintsiyar ya ƙarasa share gilashin da ya shige ƙarƙashin tebur.

* * *

A ƙofar Mai Kwamfuta ya tarar da mutane sun yi cirko-cirko, wani yana cewa a fito da injin a duba. Mai shagon mutum ne mai tabarau da saurin magana, gumi ya jiƙa masa riga. Da ya ga Mai Sawu sai ya ja shi ciki ya rufe ƙofa. Ya ce tun safe mutum uku sun fasa aikin da suka ba shi, har da katin bikin wani.

Ya kunna kwamfutar ya nuna masa rubutun. Ya ce shi a shagonsa "mai kumatu" yake kiran sa, kuma rabin allunan titin da shi ya yi su. Rubutu ne na kira: ana hango shi daga nesa, ko a mota kake ka karanta kafin ka wuce. Kaurin ne ke sa a gan shi, mulmulewar ke sa a ji ba ya faɗa, karkatar kuma ke sa a ji kamar yana tahowa wurinka. Ya ce ba a dogon rubutu da shi, layi biyu ya isa, in ya wuce haka ido ya gaji. Masu kayan yara ke so, da masu lemo, da mai rangwame. Banki ko lauya ba sa taɓa shi, don ba ya kama da mai riƙe sirri.

Mai Sawu ya ce ya rubuta masa maganar da ke takardar ya gani. Mai Kwamfuta ya waiwayi ƙofa, sannan ya rubuta. Haruffan suka jeru a allon kwamfutar masu ƙiba, amma inda Ƙ da Ɓ za su fito sai ga wasu ramammu a tsaye ƙyam, kamar baƙi a tsakiyar 'yan gida. Ya ce waɗanda suka ƙirƙiro rubutun ba su san da haruffa masu lanƙwasa ba, kullum haka yake fama, sai dai ya sauya kalma. Mai Sawu ya warware takardarsa. Ƙ da Ɓ na ciki masu kumatu ne kamar 'yan uwansu, lanƙwasarsu a mulmule.

Mai Kwamfuta ya kai hancinsa kusa da takardar. Ya ce wannan ba tawadar inji ba ce, fenti ne, kuma a gefen haruffan akwai ɗige-ɗigen soso. Wani ne ya ɗora abin da aka huda haruffa a jiki ya bi da soso. Ya roƙi Mai Sawu ya fita ya faɗa wa mutanen waje. Mai Sawu ya fita ya faɗa, amma ba wanda ya motsa. Wani ya ce ai mai iya inji ba zai kasa soso ba.

Daga nan ya wuce shagon Dogon Tela, wanda bai ba shi kujera ba. Mutum ne da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shagonsa, kuma kowa ya san tun zuwan Baƙuwa ɗinkin mata ya bar hannunsa. Bai ɓoye ba. Ya ce ba ya son ta, ya sha faɗa a gaban mutane cewa hannun rigarta ba ya zama. Amma ya ce shi da baki yake faɗa, kuma ɗinkinta yake zagi, ba ita ba. Ya jawo naɗin takardarsa daga ƙarƙashin tebur ya jefa gaban Mai Sawu ya ce ya auna. Iri ɗaya ce sak. Labarin ya riga Mai Sawu fita daga shagon, kafin la'asar rabin titin ya bar Mai Kwamfuta ya koma kan Dogon Tela, har ƙanin matar telan ya ba wani mari a bakin famfo.

Mai Sawu dai bai gamsu ba. Mutum kan manna takarda daidai idonsa ne, ba ya durƙusawa sau bakwai a titi yana tsoron a gan shi. Idon Dogon Tela kuwa ya fi kan Mai Sawu tsawo.

* * *

Washegari ya shimfiɗa takardun biyu a kan gadonsa, ya buɗe taga don haske. Ya daina ƙoƙarin karantawa, ya koma kallon su yadda yake kallon ƙasa bayan garke ya wuce. A garke duk kofato iri ɗaya ne ga wanda bai sani ba, amma kullum akwai wadda ke jan ƙafa. Ya bi layin da yatsa. A kan R yatsan ya tsaya. R huɗu ne a maganar, kuma dukkansu ƙafar gaba ta gaza, ƙarshenta a datse maimakon ya mulmule kamar sauran. Ya duba takarda ta biyu, haka. Harafin ɗingishi yake yi.

Ya san ya taɓa ganin wannan ɗingishin, amma ya rasa a ina. Ya fita ya bi titin daga farko, karo na farko a shekaru kansa a sama. Allon mai lemo sabo ne, R ɗinsa lafiya lau. Na makarantar yara ma haka, duk aikin Mai Kwamfuta. Wuyansa ya fara ciwo. Ya isa kantin magani ya zauna a benci don ya huta, sai idonsa ya faɗa kan tsohon allon da aka jingine a lungu tun da aka sa sabo mai lantarki. Fentin ya koɗe, amma ana karantawa: MAGANI DA KAYAN JARIRAI. R biyu, duk da gajeriyar ƙafa.

Ya tambayi Mai Kemis wa ya rubuta allon. Mai Kemis ya ce ai marigayi Mai Fenti ne, tun kafin kwamfuta ta zo titin. Ya ga rubutun a wata mujalla ya so shi, ya zauna ya yanka haruffan ɗaya bayan ɗaya a jikin gwangwani, har da masu lanƙwasa da ya ƙirƙira da kansa. Mai Kemis ya ce ya tuna ranar da R ɗin ya faɗi mota ta taka gefensa, Mai Fenti ya daddaƙe shi da guduma ya ce ba zai sake yanka wani ba. Yana cikin dariyar tunawa sai dariyar ta katse, domin shi ma ya gano inda maganar ta nufa. Mai Fenti mijin Gwaggo ne.

Mai Sawu ya ce kada ya faɗa wa kowa tukuna.

Gidan da ke kallon famfo ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. Gwaggo gajeriyar tsohuwa ce mai tsafta, kanta bai wuce ƙirjin Mai Sawu ba. Ta shimfiɗa masa tabarma, suka gaisa, ta tambayi 'ya'yansa, ya ce suna lafiya kamar yadda ya saba cewa. Jikar tana makaranta. A igiya an shanya 'yan riguna uku, an goge takalmin gida an ajiye a bakin ƙofa, an rufe kwanon abincin yarinyar da faranti tun kafin ta dawo. A tsakar gidan ba wani abu na Gwaggo kanta sai kujerar da take zama.

Ya tambaye ta gwangwanayen marigayi. Ta ce ta daɗe da ba masu sayen tsohon ƙarfe. Ya ce to. Sannan ya gaya mata cewa gobe da la'asar za a taru a kantin magani, kuma shi abin da ya gani zai faɗa, ba ƙari ba ragi. Ya ce in akwai mai son ya riga shi magana, ƙofarsa a buɗe take har goben. Ta ce Allah ya tona asirin mai yi, tana kallon igiyar shanya.

Ya koma ɗakinsa ya bar ƙofa a buɗe har rana ta faɗi. Washegari ma ya zauna a bakin ƙofa tun safe. Ba wanda ya zo sai mai faci da ya leƙo aron ashana. Da hantsi ya ji labarin an zuba wa Baƙuwa shara a ƙofar shago, kuma Dogon Tela bai buɗe nasa ba.

* * *

Aka taru a ɗakin bayan kantin, tsakanin kwalayen magani. Mai Kemis ya jera kujeru. Mai Kwamfuta ya zauna kusa da ƙofa, Dogon Tela ya ƙi zama, Baƙuwa ta raɓe a lungu da mayafinta. Gwaggo ce ta zo ƙarshe, ta ce an ce ana neman dattawan titi. Wasu mutum goma suka cika bakin ƙofa.

Mai Sawu bai iya dogon jawabi ba. Ya sa aka shigo da tsohon allon aka kwantar a tebur. Ya ce Mai Kwamfuta ba shi da Ƙ da Ɓ masu kumatu, duk mai shakka ya je a kunna masa ya gani. Ya ce takardar irin ta Dogon Tela ce, amma wanda ya manna ta bai kai kafaɗar Dogon Tela ba. Sannan ya ɗora takardar kusa da allon, R a gefen R, ya ce kowa ya matso. Suka matso ɗaya bayan ɗaya. Ko waɗanda ba su iya karatu ba sun ga ƙafar nan da ta gaza, iri ɗaya a allon da ya shekara ashirin da takardar da ta kwana biyu.

Mai Kemis ya faɗi wanda ya yi allon. Idanu suka koma kan Gwaggo. Ta ce ta riga ta gaya wa Mai Sawu, gwangwanayen sun bar gidanta tuntuni, wa ya san hannun da suka faɗa. Wasu suka gyaɗa kai, domin ba wanda ke son abin ya zama ita.

Mai Sawu ya juya ga Baƙuwa. Ya tambaye ta, ban da ita, wa ke fita da irin wannan takarda daga shagonta. Ya ga lokacin da ta gane, domin hannunta ya kama bakin kujera. Ta ce ba ta tuna ba. Ya sake tambaya a hankali, ta ce ita dai a bar maganar, za ta sa sabon gilashi.

"Ki daina rufa mini asiri, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Jikata kike ba tana zane. Ni na kwashe."

Ta yi maganar ba kuka, idonta a kan allon mijinta. Ta ce 'yarta ta rasu wurin haihuwar yarinyar, uban kuma direban babbar mota ne, sai ya yi wata uku bai leƙo ba. Ita ta raine ta tun tana tsumma. Tun rasuwar maigidanta ba wanda take magana da shi a gidan sai yarinyar. Amma bana, da an tashi makaranta sai ta jefar da jaka ta ruga shagon Baƙuwa, abincin ma sai an bi ta da shi. Makon jiya tana yi mata kitso, yarinyar ta tambaye ta ko in mutum ba shi da uwa yana iya zaɓar wata. Ta ce a ranar ta jawo akwatin marigayi daga ƙarƙashin gado. Haruffa masu kusurwa duk sun yi tsatsa, masu kumatun ne kaɗai suka rage cikakku, kuma ta tuna yana cewa ba mai wuce su bai karanta ba. Ta yi shekaru tana riƙe masa gwangwani yana bi da soso, hannunta bai manta ba.

Ta ce ita a tunaninta iyaye za su hana yara zuwa, ita ma ta samu hujjar hana tata, shi ke nan. Ba ta kawo dutse a ranta ba.

Dogon Tela ya ce to shi da aka kwana biyu ana nuna shi da baki fa. Mai Kwamfuta ya cire tabarau yana gogewa. Daga bakin ƙofa wani ya ce a kai ta ofishin 'yan sanda. Mai Kemis ya ce wannan Baƙuwa ce ke da ta cewa.

Baƙuwa ta miƙe. Ta ce ba ta kai kowa ko'ina. Ta dubi tsohuwar ta ce, "Da kin zo kin ce mini in rage, Gwaggo, da na rage. Na san yadda gida ke zama in yaro ya bar shi." Ta ratsa mutanen ta fita.

* * *

Mai Kemis ya sa Gwaggo ta bi shagunan ɗaya bayan ɗaya ta faɗa da bakinta cewa ƙarya ta rubuta. Ta bi, har da shagon Dogon Tela, wanda ya saurare ta bai ɗago daga almakashinsa ba. Aikin Mai Kwamfuta ya dawo. Na Baƙuwa bai dawo duka ba. Matan da suka karɓe yadinsu kunya ta hana su komawa, wasu kuma da suka ji farkon labarin ba su ji ƙarshensa ba, in sun zo daidai ƙofarta sai su riƙe hannun yaransu. Labari ya kai ga uban yarinyar. Ya zo ran Asabar da motarsa, ya ce ba zai bar 'yarsa a titin da ake nuna ta ana ce ga wadda aka yi abin a kanta ba. Ya tafi da ita wurin yayarsa a wani gari.

Ƙarshen wata Baƙuwa ta haɗa kayanta. Mai Sawu da mai faci suka ɗora mata keken ɗinki a bayan a-kori-kura. Mai Sawu bai tambaye ta inda za ta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta yi masa godiya, shi kuwa yana ganin ya yi aikinsa daidai kuma ga abin da ya haifar. Har direba ya tayar da mota, sai ta miƙo masa wata leda ta taga ta ce ya kai gidan da ke kallon famfo.

Ya tarar da Gwaggo a kujerarta. Tun ranar taron ba mai shiga gidan, masu ɗibar ruwa ma sukan juya wa ƙofar baya. Ya yi sallama, ta amsa ba ta tashi ba. Ya ce Baƙuwa ta tafi, ga saƙo ta bayar.

Ta kwance ledar a cinyarta. Rigar yarinya ce, shuɗiya mai aljihu biyu, an goge ta an ninke. Gwaggo ta ɗaga ta ta kafaɗu, ta juya ta, ta duba ɗinkin ciki. Ta lura an naɗe leɓen ƙasan da faɗi sosai, yadda za a iya warwarewa in yarinya ta ƙara tsawo.

"Ta san an tafi da ita?"

"Ta sani," in ji Mai Sawu.

Gwaggo ta ninke rigar yadda ta zo, ta ɗora tafin hannunta a kai. Ta ce uban bai bar mata lambar wayar gidan yayar tasa ba. Mai Sawu ya ce direbobin manyan motoci suna da wurin da suke tsayawa a bakin gari, kuma mota mai girma haka ba ta wucewa ba a gan ta ba. Ya ce gobe da safe zai je ya fara tambaya.